Komin dutsen babban cocin Amiens: na baftisma ne ko na wankan gawa?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Faransa, wata na huɗu kenan a garin Amiens. Ranar Asabar muka shiga babban cocin garin ni da ƙawata don kallo kawai, sai na ga wani dogon abu na dutse a gefe guda kamar komin shayar da shanu, da mutum-mutumi a kusurwoyinsa. Ƙawata ta ce a ciki ake wa jarirai baftisma, wani dattijo kuma da ke tsaye a wurin ya ce mana a'a, na wankan gawa ne tun zamanin da. Ni dai na rikice, jariri me zai yi da abin da babban mutum zai miƙe a ciki? Wanne ne gaskiya? Kuma wai da gaske ya girmi cocin kansa?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma ba ki juriyar sanyin wannan yanki don na san irin shigar da yake wa ƙashi. Kin yi ido wallahi, mutane da yawa suna shiga cocin nan kansu a sama suna kallon rufi har su fita ba su lura da komin ba. Ni na yi shekaru ina aikin gyara da adana tsofaffin duwatsun gini a arewacin Faransa, kuma irin waɗannan kwatarniyoyi na baftisma sun sha zuwa hannunmu, to bari in gaya miki abin da na sani.

Tambayarki uku ce a dunƙule, shekarun abin, amfaninsa, da kuma dalilin girmansa. Ta farkon ita ce mai sauƙi, eh ya girmi ginin da yake ciki. Ta biyun ni a ganina ƙawarki ce ta fi kusa da gaskiya, amma shi ma dattijon ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, tsohuwar magana ce da har a rubuce za ki same ta. Ta ukun ce ke buƙatar dogon bayani.

Yadda aka yi ya girmi cocin

Cocin da kika shiga an fara gina shi a 1220, zamanin bishop (wato shugaban limaman yankin) Évrard de Fouilloy, babban maginin da ya fara aikin sunansa Robert de Luzarches, bayansa Thomas de Cormont ya karɓa, sannan ɗansa Renaud. Abin da ya sa aka fara sabon gini shi ne gobara ta cinye tsohon cocin da ke wurin a 1218. Garin kuma a lokacin yana da kuɗi, fataucin wani ganye suke yi mai ba da shuɗin rini kamar dai baba, shi ya sa suka ɗauko gini na wuce sa'a, tsawonsa mita 145, daga ƙasa zuwa rufin ciki kuma mita 42 da ɗoriya. UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1981.

Shi kuwa komin, yawanci ana kai shi wajen shekarar 1180, wato kusan shekara 40 kafin a aza tubalin farko na ginin yanzu. Kenan na tsohon cocin ne, ya tsira daga gobarar aka shigo da shi sabon. In kin koma ki sunkuya ki kalli ƙafafun da ya hau, ba sa'anninsa ba ne, su na ƙarni na 13 ne, an yi masa su daga baya. Da ido ma za ki iya ganin bambancin hannu, mutanen da ke kusurwa sun ɗan sandare, rigunansu layi-layi a manne da jiki irin sassaƙar ƙarni na 12, ƙafafun kuma adonsu irin na sabon ginin ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Faransa. Ana rushe coci a sake shi sau biyu sau uku amma kwatarniyar baftisma tana nan, na farko dutse ne guda mai nauyin tsiya wuta ba ta cika gamawa da shi kamar katako ba, na biyu kuma mutanen gari suna da shaƙuwa da shi, a ciki aka yi wa iyaye da kakanni, waye zai yarda a jefar. Sau da yawa in na shiga cocin ƙauye abin da na fara nema kenan, don shi ne mafi tsufa a ɗakin.

Af, kalmar katidiral da kike ji, ba girman gini take nufi ba, tana nufin cocin da kujerar bishop take. Ki riƙe wannan don zai yi mana amfani a gaba.

Me ya sa yake da girma haka

Sai kin fara sanin yadda baftisma ta sauya cikin shekaru ɗaruruwa. A wurin Kiristoci baftisma ita ce ƙofar shiga addini, sau ɗaya ake yi a rayuwa, ba kamar alwala ko wanka ba da ake maimaitawa. Asalinta daga Yohanna Mai Baftisma ne, wanda mu Musulmi muka sani da Annabi Yahaya, a Kogin Urdun. A gida ma kin san akwai bambanci, wasu coci-coci kamar Baptist da ECWA nutsar da babban mutum suke yi a ruwa, 'yan Katolika da Angilika kuma yawanci zuba wa jariri ruwa suke a ka. To a Faransa duka biyun an yi su, a zamani daban-daban, kuma girman mazubin ruwan yana bin wanda ake yi wa.

A ƙarni na 4 da na 5 yawancin masu shiga addinin manya ne. Saboda haka ba kwatarniya ake yi ba, ɗaki guda ake ginawa a gefen cocin bishop, a tsakiyarsa a haƙa ɗan tafki mai matakala, mutum ya tuɓe ya sauka ciki. Har yanzu akwai irinsu a tsaye, akwai na Poitiers wanda asalinsa ya koma ƙarni na 4, akwai na Fréjus a kudu na ƙarni na 5, akwai na Aix-en-Provence. Yawancinsu tafkin kusurwa takwas gare shi, suna danganta takwas ɗin da tashin matattu da kuma mutum takwas da suka tsira a jirgin Annabi Nuhu kamar yadda yake a nasu littafin. A irin wannan wuri ne aka yi wa Clovis sarkin Faransawan farko baftisma a Reims, wajen shekara ta 500, a hannun bishop Remi. Kuma a lokacin yawanci bishop ne ke yi, ba kullum ba, galibi a daren Ista, bikin tashin Almasihu a wurinsu, da na Fentikos, bikin da ke zuwa kwana hamsin bayansa.

Da ƙasar ta zama kusan kowa Kirista ne sai manyan da za a yi wa suka ƙare, saura jarirai. Ga mutuwar yara ta yi yawa a zamanin, ga koyarwar coci cewa yaron da ya mutu ba baftisma yana cikin hatsari, to wa zai jira Ista da jariri mara lafiya a hannu, ko ya yi tafiyar kwana biyu zuwa garin bishop? Sai aikin ya koma hannun limaman cocin ƙauyuka, ana yi cikin kwanakin farko na haihuwa, in abin ya zo da gaggawa ma ungozoma tana iya yi. Tafkin ƙasa ba shi da amfani ga jariri, liman zai karye baya, sai aka ɗago mazubin sama aka ɗora shi kan ƙafa ya zama kamar babban turmi. Amma fa ki lura, ba su daina nutsarwa nan take ba. Jaririn ake tuɓewa a tsoma shi tsundum sau uku. Thomas Aquinas, babban malaminsu da ya rasu a 1274, ya rubuta cewa zuba ruwa ya halatta amma nutsarwa ita aka fi yi a zamaninsa. Shi ya sa kwatarniyoyin ƙarni na 12 da na 13 suke da faɗi da zurfi, sai daga baya da zuba ruwa a ka ya yi rinjaye suka riƙa ƙanƙancewa har suka koma kamar daro.

To na Amiens ya faɗo a tsakiyar wannan tafiya. A 1180 ba a cika samun babban mutum da ba a yi masa baftisma ba a wannan yanki, saboda haka ban yarda da masu cewa don manya kawai aka yi shi ba. Abin da ya fi kwanta min shi ne haɗuwar abu uku. Cocin bishop ne, uwar sauran coci-cocin yankin, kuma irinsu sun fi riƙe tsohuwar al'ada, a daren Ista da na Fentikos akan yi bikin tsarkake ruwan a gaban jama'a a kuma yi wa yara baftisma a wurin, ciki har da waɗanda suka ɗan tasa. Sannan ruwan da aka tsarkake ba zubarwa ake ba, ajiye shi ake yi ana amfani da shi wata da watanni, kenan ana buƙatar mazubi mai ɗauka. Na ukun kuma, mu faɗi gaskiya, nuna isa. Garin da ya gina rufi mai mita 42 ba zai yi wa bishop ɗinsa ƙaramin daro ba, kuma wannan hali ba a 1220 ya fara ba.

Tunda kina koyon Faransanci, sunan abin a wurinsu shi ne fonts baptismaux, kullum a jam'i suke faɗa, daga kalmar Latin fons mai nufin marmaro ko idon ruwa. Za ki ji 'yan jarida suna cewa wani ya riƙe wata jam'iyya ko kamfani a kan fonts baptismaux, suna nufin da shi aka kafa ta, daga al'adar uban baftisma da uwar baftisma ne da ke riƙe jariri a bakin ruwan.

Maganar wankan gawa

Nan ne wurin da ya fi daɗi. Dattijon yana da hujjarsa, kuma hujjar ita ce wadda idonki ya gani, abin dogo ne mai kusurwa huɗu, sak akwatin gawa na dutse. Kuma gaskiya ne an yi duwatsun wankan gawa a Faransa a zamanin da, musamman a gidajen sufayen Kirista, na Cluny sananne ne. To amma yadda aka siffanta irin waɗannan duwatsu, fale-fale ne masu ɗan kwarmi kaɗan, da matashin kai na dutse a gefe ɗaya, da ramin fitar ruwa a wajen ƙafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin wankan gawa ko da sau ɗaya ne ya san dalili. Kina buƙatar ki juya mamaci dama da hagu, hannunki ya kai ko'ina, ruwan kuma ya wuce kada ya taru a ƙarƙashinsa. Ki saka gawa cikin komi mai zurfi da bango ta kowane gefe, yaya za ki juya ta, yaya za ki ciro ta? Aikin ba zai yiwu da daɗi ba. Komi mai zurfi don tara ruwa aka yi shi, mai wankan gawa kuwa gudun taruwar ruwa yake.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi a wurina, kuma tana jikin dutsen. Mutanen nan huɗu na kusurwa annabawa ne na Tsohon Alkawari, kuma ana iya karanta sunan biyu daga ciki, Yowel da Zakariya. Wannan Zakariyan ba mahaifin Annabi Yahaya ba ne, wani ne daban da ya riga shi da ɗaruruwan shekaru, kada ki haɗa. Me ya sa su? Masassaƙan wancan zamani ba sa zaɓar mutum haka kawai, malaman coci ne ke gaya musu wa za a saka. A littafin Zakariya sura 13 akwai maganar wani marmaro da za a buɗe don wanke zunubi da ƙazanta, a ƙarshen littafin Yowel kuma akwai maganar marmaro da zai ɓuɓɓugo daga ɗakin Ubangiji. Malaman Kirista sun daɗe suna fassara waɗannan wurare da baftisma. Kin ga kenan, annabawa biyu masu maganar marmaro, a jikin abin da sunansa ma marmaro. Da don gawa aka yi shi, da wasu za a zaɓa.

Sai dai kuma kamar da yake yi da kabari ba kuskure ba ne, wataƙila ma da gangan ne. A koyarwarsu, a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 6, wanda aka yi wa baftisma kamar an binne shi ne tare da Almasihu sannan ya tashi da sabuwar rayuwa, nutsewa ita ce binnewa, ɗagowa ita ce tashi. Saboda haka mazubin baftisma ya yi kama da kabari abu ne da ya dace da tunaninsu. In kin samu hutu ki je Châlons-en-Champagne, a babban cocin garin akwai kwatarniyar baftisma ta ƙarni na 12, abin da aka sassaƙa a jikinta matattu ne suna fitowa daga kaburbura ana busa ƙaho. Wurin da ake kawo jariri ɗan kwana biyu fa. Mu a ido sai mu ga abin bai haɗu ba, su a wurinsu magana ɗaya ce. A wasu wurare ma tsohon akwatin gawa na dutse na zamanin Romawa aka ɗauka aka mayar na baftisma.

Inda zan tsaya shi ne nan. Dutse yana gaya maka abin da aka yi shi dominsa, ba ya ba ka labarin duk abin da aka yi da shi cikin shekara 800. Abu mai tsufa haka an matsar da shi, an sake masa ƙafa, ya ga gobara ya ga juyin juya hali ya ga yaƙin duniya biyu. Ba wanda zai dafa littafi ya rantse cewa ba a taɓa yin wani amfani da shi daban ba. Na ga kwatarniyar baftisma ta ƙarni na 13 a gidan wani manomi dawakai suna shan ruwa a ciki, an fitar da ita daga coci tun zamanin kakannin kakanninsa. Amma in tambayar ita ce don me aka sassaƙa na Amiens, amsata baftisma.

Abin da muke dubawa in an kawo mana irinsa

Farko irin dutsen. A arewacin Faransa da Beljiyam akwai wasu kwatarniyoyi da za ki gane daga nesa, baƙaƙe masu sheƙi in an goge. Daga garin Tournai suke a Beljiyam ta yanzu, mutane suna kiran dutsen marmara amma ba ita ba ce, dangin dutsen da ake siminti da shi ne, kawai dai baƙi ne mai tauri yana ɗaukar gogewa. A ƙarni na 12 Tournai kamar masana'anta ce, a can ake sassaƙa su a gama a ɗora a jirgin ruwa ta kogin Escaut a kai wa masu saye. Na Châlons ɗin da na faɗa miki daga can yake, wasu ma sun tsallaka teku zuwa Ingila, akwai a babban cocin Winchester akwai a Lincoln. Siffarsu kusan ɗaya, sama mai kusurwa huɗu da kwarmi zagayayye a tsakiya, ƙafa ɗaya mai kauri a tsakiya da siraran ginshiƙai huɗu a kusurwa. Na Amiens bai bi wannan tsari ba sam, shi ya sa yake jan hankalin masana.

Na biyu sawun kayan aiki. Kowane zamani da irin ƙarfen da ake dadda dutse da shi. Masassaƙan ƙarni na 12 wani irin gatari suke amfani da shi, yana barin layuka a karkace jere da juna, daga baya aka yawaita mai haƙora. Akwai kuma wata guduma mai ƙuraje a fuska da ke barin ɗigo-ɗigo kamar zanzana, ita sai can bayan zamanin nan ta bazu. Wannan gudumar ta taɓa kunyata ni. Ina sabon shiga aka tura ni wani cocin ƙauye in rubuta rahoto, na ga kwatarniya da zakoki da ganyaye, na zauna na rubuta shafi uku cewa ta ƙarni na 12 ce har da kwatance. Maigidana a wurin aiki, wata dattijuwa ce mara yawan magana, ta zo ta kwanta a ƙasa ta haska tocila a ƙarƙashin bakin, ta ce in zo in gani. Ɗigo-ɗigo ne reras. Kwaikwayo ne na ƙarni na 19, lokacin da Faransawa suka haukace da son kayan zamanin da suna ta yin sababbi a siffar tsofaffi. Tun ranar ban ƙara yanke hukunci a tsaye ba, sai na durƙusa na leƙa inda mai sassaƙa bai zaci za a duba ba.

Na uku bakin kwatarniyar. Ki duba ko akwai ramuka ko guntun ƙarfe ko wurin da ya ɓalle aka cike. Wannan sawun murfi ne da kwaɗo. Tunda ruwan yana zama wata da watanni dole a rufe shi saboda ƙura, amma ba ƙura ce kaɗai ba. Dokokin da bishop ɗin Faris, Eudes de Sully, ya kafa wajen shekarar 1200 sun ce a kulle mazubin baftisma da makulli saboda masu sihiri. Wato mutane suna satar ruwan suna kai wa bokaye ko su yi magani da shi. Da na fara karanta wannan dariya na yi, na ce ashe ɗan Adam ko'ina ɗaya ne. Mu kuma masu gyara wannan dokar ta bar mana aiki, don ƙarfen da aka kafa a dutse in ya yi tsatsa kumbura yake, a hankali ya tsaga bakin. Rabin tsagewar da na gyara a irin waɗannan daga nan take.

Na huɗu ciki. Da yawa an shimfiɗa musu dalma a ciki don dutsen farar ƙasa yana shan ruwa, wasu kuma akwai rami a tsakiya da ya bi ta cikin ƙafar ya sauka ƙasa, saboda ruwan da aka tsarkake ba a watsa shi a kwata, sai dai ƙasar cocin ta shanye. In kika ga an raba cikin gida biyu da ɗan bango, wannan aikin baya ne, na lokacin da aka koma zuba ruwa a ka, ɓangare ɗaya na ajiye ruwa ɗaya na tarar wanda ya zubo daga kan yaro.

Babban abokin gabarmu kuwa ba tsufa ba ne, gyaran ganganci ne. Wani ya ga tsaga ya kwaɓa siminti ya cusa da kyakkyawar niyya. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita, ga gishiri a cikinsa, bayan shekara ashirin sai ki ga simintin yana nan daram dutsen da ke kewaye da shi ya zama gari. Na taɓa shafe sati uku da ɗan ƙaramin cizal ina cire irin wannan daga fuskar wani mala'ika, hanci dai bai dawo ba. Mu farar ƙasa da yashi muke kwaɓawa, mai laushi, wanda in wani ya zo bayanmu da dabarar da ta fi tamu zai iya cirewa ba tare da ya ji wa dutsen ciwo ba.

Wani abu da zai ba ki mamaki tunda muna maganar mazubin baftisma a Faransa. Wanda aka yi wa wasu 'ya'yan sarakunan ƙasar baftisma a ciki ba dutse ba ne, ba kuma Kirista ne ya ƙera shi ba. Wani daro ne na tagulla da aka yi wa ado da azurfa da zinariya, aikin zamanin Mamluk na Masar da Sham, wajen 1320 zuwa 1340, maƙerin ya sa hannu da Larabci a jiki, Muhammad ibn al-Zayn. A ciki aka yi wa Louis na 13, daga baya kuma ɗan Napoleon na 3 a 1856. Suna kiransa mazubin baftismar Saint Louis alhali shi Saint Louis, wato sarki Louis na 9, ya rasu tun 1270 kafin a ƙera shi. Yana gidan tarihi na Louvre a sashen fasahar Musulunci, in kin shiga Faris kada ki bari ya wuce ki. Shi ma kin ga suna daban asali daban, irin abin da ya sa ba na saurin yarda da sunan da aka laƙaba wa tsohon abu.

In kin koma cocin

Ki je da safe lokacin da ba ibada ake yi ba. Ginin coci a siffar gicciye yake, komin yana hannun da ke arewa. A yawancin coci kusa da ƙofar shiga ake ajiye mazubin baftisma tunda ita ce shigowa addini, to ki lura shi ba nan yake ba. Ki zagaya kusurwa huɗun ki nemi rubutun sunayen, ki kwatanta hannun da ya yi annabawan da wanda ya yi ƙafafun. In haske bai isa ba ki haska fitilar wayarki daga gefe ba daga gaba ba, hasken gefe ne ke fito da sawun gatari. Kada dai ki taɓa, maiƙon hannu yana baƙanta dutse, kuma ginin yana hannun gwamnatin Faransa, mu kanmu sai da takardar izini muke kai hannu.

Daga nan ki taka kaɗan zuwa bangon da ya kewaye wurin mawaƙa, ɓangaren arewa, akwai sassaƙa mai fenti ta wajen 1531 da ke ba da labarin Annabi Yahaya daga haihuwa har yanke kansa, a ciki za ki ga yadda suka zana baftisma a Kogin Urdun. Ba banza aka saka shi a nan ba, tun 1206 cocin Amiens yake riƙe da wani ƙashin fuska da suke cewa nasa ne, wani limami Wallon de Sarton ya kawo daga Kustantiniya bayan 'yan yaƙin gicciye sun washe birnin a 1204, kuma masu ziyarar wannan ƙashi suna cikin waɗanda kuɗinsu ya taimaka wa ginin. Na san za ki ce ai a Masallacin Umayyawa na Dimashƙu ma akwai wurin da ake cewa kansa yana nan. Haka ne, wannan kuma wata tambayar ce.

In kin samu hali ki ɗauko min hoton cikin komin daga sama, musamman gindinsa da gefen bakin, da kuma na rubutun da ke kusa da annabawan. Ki gaida ƙawar taki, in kuma kin sake haɗuwa da dattijon ki tambaye shi a ina ya ji tasa ruwayar, ina son sani.